Ranar Da Muka Je Sayen Kayan Bakwaini

Ku da kuke bibiyata a wannan shafin, ku gyara zama, yau ba ƙorafin Gwaggo kaɗai na kawo muku ba. Wanda kuma yau ne ya fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice: ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina kula da wurin wanki da guga na babban yayanmu. Ni ke karɓar kaya, in duba tabo, in ware fari da mai zuba, in gaya wa kowa ranar da zai dawo. Shekara huɗu ina wannan aikin, har ta kai idan mutum ya wuce ni a hanya nakan san ko rigarsa za ta jure wanki uku.

Wata biyar ke nan wani bawan Allah yake nemana da aure. A gidanmu Mai Gilashi ake ce masa, don aikinsa gwajin ido ne da yanka tabarau, shi ya yi wa Abba na karatu. Dogo ne, mai sanyin magana, dariyarsa ba ta wuce murmushi. Kyautar farko da ya kawo mini maganin ɗigawa a ido ne, wai ya lura tururin guga yana sa idona ja. Ku gaya mini tsakani da Allah, wace budurwa ce za ta kai wa ƙawayenta labarin maganin ido?

Ban ƙi shi ba, ban kuma ce ina so ba. Abin da ya tsaya mini, ban san cikinsa ba. Sai mu zauna rabin awa a falon Abba, ni ce mai tambaya ni ce mai amsa.

Gwaggo kuwa, yayar Abba da ke zaune tare da mu, ba ta ga abin jira ba.

"Auta, wai me kike nema ne? Mutum da sana'arsa, da gidansa, ba uwa balle ki ce za a takura miki. Ƙanwa ɗaya tal gare shi. Ko mai surutu kike so, ki kai rediyo ɗakin naki mana."

Shi Abba bai tsawaita ba. Cewa ya yi ranar Juma'a yana son jin amsa, e ko a'a, ba zai bar ɗan mutane yana ta zirga-zirga ba.

To ga shi Mai Gilashin kansa kwana tara bai leƙo ba. Saƙo ɗaya ya turo, yana asibiti da ƙanwarsa, in sa su a addu'a. Na san tana da ciki, na san mijinta ya rasu wata huɗu da suka wuce ta dawo gidan yayanta zuwa ta haihu. Na yi addu'ar, amma ba zan ɓoye muku ba, na kuma yi fushi.

Ranar Talata da hantsi ina cire tabon biro a aljihun wata farar riga, wayata ta yi ƙara, saƙon Mai Gilashi ne.

"Assalamu alaikum. Ki gafarce ni na katse miki aiki. Ƙanwata ta haihu tun ranar da muka shiga asibiti, mace, bakwaini. Gobe za a fito da ita daga kwalbar ɗumama jarirai, sun ce a kawo kaya. Na sayo, nas ta dawo mini da su. Ban san laifinsu ba."

Sai ga hoto. Jama'a, riga ce ta leshi hawa uku, an zuba mata duwatsu a ƙirji, maɓallai takwas a baya. Ga ɗaurin kai mai fure kamar faranti, ga takalmi mai taurin ƙasa. Takalmi! Ina za ta?

Na yi dariya har mai gugarmu ya ɗago kai. Sannan na sake karanta "ban san laifinsu ba", dariyar ta ɗauke. Na hango shi tsaye a gaban nas da ledarsa, ba uwa, ba yaya mace, ba wanda zai tambaya.

"Kana ina?" na rubuta.

"Ƙofar asibiti."

"Ka zo ka ɗauke ni. Ka taho da rigar."

Na kira Umma, ta ce in je, in dawo kafin la'asar. Na cire rigar aiki, na gyara doguwar rigata ruwan toka, na yafa baƙin mayafi, na jefa farin hankici da gorar ruwa a jaka. Za ku ji amfaninsu.

Da ya iso da ƙyar na gane shi. Mutumin da ban taɓa ganin layin gugarsa ya karkace ba, ga shi da riga a cukurkuɗe, wuyanta ya yi duhu, gemu ya fito ba tsari. A kujerar baya akwai filo, da flas ɗin shayi, da silifa.

"A mota kake kwana?"

"Ba sa barin maza a ɗakin," ya ce, kamar wannan ya isa amsa.

Shago biyu muka shiga muka fito. Komai sheƙi yake, komai an ɗaure shi a kwali da kintinkiri, amma ina murza ƙyallen a yatsa sai in ji roba ce zalla, irin wadda ke riƙe zufa. Wata mai sayar da tawul ce ta nuna mana wani ɗan tsukakken shago a ƙarshen layi, ta ce mai shi tsohuwar unguwarzoma ce, shekara talatin tana karɓar haihuwa kafin ta ajiye aiki.

Mun same ta zaune a kujerar roba tana ninke huluna, gajeriya, mai kauri, tabarau a kan hanci.

"Sannu da aiki, Inna. Kayan jariri muke nema, bakwaini."

Ba ta ko kalli kantar ba. "Nauyinta?"

Ban sani ba. Sai na ga ya zaro ɗan littafi daga aljihu. "Kilo biyu da gram ɗari da hamsin, da safen nan. Jiya da ɗari da ashirin ne."

Na leƙa. Kowace rana da layinta, nauyi, abin da ta sha, lokacin da ta sha, da ƙaramin rubutunsa mai tsafta. Inna ta dube shi ta saman tabarau, ta dube ni.

"Ke kuwa ba ki yi kama da wadda ta haihu ba."

"Ba ni ba ce, Inna. 'Yar ƙanwarsa ce."

"To ke wace ce?"

Na sunkuyar da kai ina gyara mayafin da bai zame ba. Shi ya amsa, a hankali.

"Wadda nake fata ce, Inna."

Wata biyar, masu karatu! Wata biyar bai taɓa faɗar magana mai nauyin wannan ba, sai a gaban tsohuwa da tarin safa.

Inna ta ce Allah ya tabbatar da alheri, ta karɓi ledarsa, ta zazzage rigar leshin. Ba ta yi dariya ba. Ta jawo wata 'yartsana mai girman jariri daga ƙarƙashin tebur, ta sa mata rigar, ta ɓalla maɓallan duka takwas, ta miƙa masa.

"Ga 'yarka. Ta yi tumbuɗi, ta ɓata ƙunzugu, tana tsala kuka. Cire mata. Kuma ka tuna wuyanta bai tsaya ba."

Ya tallafi kan da hannu ɗaya, ya kifa ta don ya kai ga maɓallan, Inna ta ce ya toshe mata hanci. Ya juyo da ita, duwatsun suka maƙale a hannun rigarsa. Mutumin da ke ɗaura ƙusar tabarau wadda ido bai cika gani ba, sai ga shi yana gumi a kan maɓalli na uku.

"Sau takwas ko goma za ka yi wannan a rana," in ji Inna. "Ka ga laifinta yanzu?"

"Na gani, Inna."

Ta ɗauko wata 'yar riga fara sol, ba ado ko ɗaya. Gabanta a buɗe yake, ɓangare ɗaya na rufe ɗaya, da maɓallin dannawa a gefe. Ta shimfiɗa ta, ta kwantar da 'yartsanar a kai, ta zura hannu, ta zura hannu, ta danna. Ƙas, ƙas, an gama.

"Ba a bi ta kai ba, ba a taɓa maɗiga ba, ba abin da ke gugar cibiya. Wannan ita ce rigar yau da gobe. Waccan kuma," ta nuna wata mai haɗe da wando har tafin ƙafa, "tana buɗewa ta ƙasa, ka canza ƙunzugu ba sai ka tuɓe ta sanyi ya buge ta ba."

Ta sa shi ya juya rigar ciki waje, ya goga ɗinkin a kumatunsa. In ya ji kaushi, ita zafi za ta ji. Ɗan ƙyallen nan mai rubutu da ake ɗinkawa a wuya, a yanke shi. Duk abin da ke da igiya a wuya, ko maɓallin da zai iya tsinkewa ya shiga baki, kada ya ko kalle shi. Safa kuma ya sa yatsa biyu a bakinta, in robar ta kama yatsansa to za ta yi wa ƙafar shaida.

Ya miƙa hannu ga wata ja mai zanen agwagi. Na ga yana sonta. Nan na jiƙa hankicina da ruwan gora, na nemi izinin Inna, na murza a cikin lanƙwasar ƙasan rigar. Hankicin ya fito da ja-ja.

"Tana zuba," na ce. "Abin da ya fito a nan, a fatarta zai fito in ta yi zufa. A ɗauki fari, da ruwan madara, da shuɗi mai haske. Kuma auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, kada a ɗauki wadda ta yi cif-cif."

Inna ta cire tabarau ta kalle ni sosai. "'Yar nan, me kike yi?"

"Wanki da guga, Inna."

"Shi ya sa. Kai, ka riƙe fatan nan naka da kyau."

Ya so ya kwashi dozin biyu, ta hana. Bakwaini in ta kama nono sai ka ga tana cika kamar ana hura ta, nan da sati uku waɗannan sun yi kaɗan. Ta ware masa huɗu mafi ƙanƙanta, huɗu masu bi musu, masu haɗe da wando guda uku, hula uku, safa, da safar hannu saboda farce, da mayafin auduga biyu marasa nauyi. Ta ce kada a jibga mata kaya don ana tsoron sanyi. Abin da babba ya sa, a ƙara mata ɗaya a kai, shi ke nan. In ana son a san ko ta ji ɗumi, ƙirjinta ko ƙeyarta ake taɓawa, ba hannu ba, hannun jariri kullum da sanyinsa.

Duk yana rubutawa. Sai Inna ta ce, "Wai kai ne za ka riƙa sa mata? Uwar fa?"

Biron ya tsaya. "Ni ne, Inna. Uwar ba ta da lafiya."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauko hula ɗaya ta ƙara a ledar, ta ce wannan tata ce.

A mota bai tayar ba. Muna ƙarƙashin inuwar wata bishiya, ledar tana kan cinyata, ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Akwai abin da ya kamata ki sani kafin Juma'a. Abba ya gaya mini ranar ce."

Na juyo na dube shi.

"Haihuwar ta taɓa mata zuciya. Likita ya ce za ta warke in Allah ya so, amma sai a hankali, wata shida, ko shekara. Ba ɗaukar nauyi, ba tashi a kai a kai, ko goyo an hana ta. Dangin mijinta suna nesa, kuma tsofaffi ne. Ita da yarinyar a gidana za su zauna." Ya saki sitiyarin. "Gidan da na gaya miki na mutum biyu ne, yanzu ba haka yake ba. Ba zan so ki shigo ki tarar da abin da ba a faɗa miki ba."

Ina so in ce muku nan take na ce ba komai. Ƙarya ne. Abin da ya fara zuwa raina shi ne ɗakin da na daɗe ina tsarawa a kaina, fararen labule, shiru, ni da mijina muna shan shayi ba mai kiran sunana. Na ji kamar an ɗauke mini shi tun ban shiga ba. Sai na ji kunyar kaina, sai kuma na ji haushin kunyar.

Abin da na iya cewa kawai: "Ba a sa wa jariri sabon kaya sai an wanke. Bar su a wurina, gobe zan kawo."

A gida na wanke su da hannu, a sabon baho, da sabulu marar ƙamshi, na ɗauraye sau uku. Ba sitaci, ba turare. Ina shanyawa a igiyar tsakar gida, kowace riga ba ta fi tafin hannun Abba ba, Gwaggo ta fito da butarta ta tsaya.

"Auta, kayan wa nake gani?"

Na gaya mata komai. Wallahi kamar an juya kaset.

"Jinya da reno? Daga shiga? A'a. Ni dama shirun nan nasa bai kwanta mini ba."

"Gwaggo, ba ke kika ce in kai rediyo ba?"

"Rufe mini baki. Da na ce ba uwa, ai ban ce a kawo miki asibiti ba. Akwai ɗan ƙawata mai sayar da tayoyi, gobe zan kira uwarsa."

Da Gwaggo ta shige, sai ga Umma. Ta zo ta kama mini ɗaya gefen mayafin jaririyar muka matse tare.

"Shekara uku na yi ina jinyar kakarku, ke kina goye a bayana," ta ce. "Ban yi nadama ba, amma na yi kuka a bayan ɗaki ba sau ɗaya ba. Ba zan ce ki shiga ba, ba zan ce ki fasa ba. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki yi don tausayi. Tausayi wata biyu yake yi ya ƙare, ya bar ki da aikin."

Washegari na bi su da dutsen guga mai ɗan ɗumi, na yanke ƙyallayen wuya, na kai asibiti da kaina. Ƙanwar tasa tana jingine da filo uku, fuskarta irin tasa, ƙafafunta a kumbure. Shekarunmu ɗaya da ita. Ta kama hannuna.

"Ke ce ta wurin wankin? Kullum sai ya ce yau idonki bai yi ja ba, ko yau ya yi." Ta tsaya ta ja numfashi. "Don Allah kada ki bar shi saboda ni. Zan nemi inda zan zauna."

"Ki nemi lafiya tukuna," na ce.

Nas ta shigo da yarinyar a naɗe a tawul. Ban taɓa ganin mutum ƙarami haka ba, yatsunta kamar tsinken ashana. Nas ta ba shi izinin shigowa na minti goma. Ya wanke hannu har gwiwa, ya shimfiɗa farar rigar a gado kamar yadda Inna ta nuna, ya tallafi ƙeya, ya kwantar, ya zura hannu ɗaya. Yarinyar ta ɓata fuska za ta yi kuka. Sai na ji yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ba tsayawa: ta yi haƙuri, saura hannu ɗaya, kawunta ne bai iya ba amma yana koyo, in ta girma zai yi mata tabarau kyauta ko da idonta lafiya. Ta yi shiru tana sauraro.

Na tsaya a bakin gadon ina tambayar kaina tambayar Umma. Na duba ƙanwar, na ji tausayi, babu shakka. Na duba jaririyar, na ji tausayi. Da na dube shi kuwa, da hular a hannunsa yana neman gabanta da bayanta, abin da na ji wani abu ne daban, kuma bai yi kama da tausayi ko kaɗan ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar, ina dawowa daga aiki na ga motarsa a ƙofar gida, shi ban gan shi ba. Ban kai ga cire takalmi ba Abba ya kira ni falonsa. Shi kaɗai ne, tabaransa a hannu.

"Zauna, Auta. Yaron nan ya zo mini da magana. Ya ce a ɗage zancen shekara guda, sai ƙanwarsa ta miƙe. In kuma wani ya fito a tsakani, ya yafe, ba zai tsaya miki a hanya ba." Ya goge gilashin da bakin rigarsa. "Gwaggonki ta ce in amsa masa da to. Ni kuma na ce ba ni zan zauna a gidan ba. Yana waje."

Na fita. Yana tsaye jikin motar, yau rigarsa a goge, amma na ga shi ya goge ta da kansa, layi biyu ya fitar a hannu ɗaya. Labulen tagar Gwaggo ya motsa.

"Abba ya gaya mini," na ce. "Shekara guda ba ta yi mini ba."

Ya gyaɗa kai, ya sunkuya. "Na fahimta. Allah ya haɗa ki da..."

"Ba ka fahimta ba. Ta yi yawa. Kafin shekara yarinyar nan ta wuce kaya hawa huɗu, kuma na ga abin da kake sayowa in an bar ka kai kaɗai."

Ya ɗago. Ya buɗe baki zai yi magana. Na ɗaga masa hannu.

"Amma da sharaɗi. Aikina ba zan bari ba. Za a nemi babbar mace da za ta riƙa yini da su. Kuma duk abin da ya same ka, ni za ka fara gaya wa, ba sai bayan kwana tara ba."

"Na yarda," ya ce. Ya sake cewa, "Na yarda." Sannan ya yi dariya, dariya ta gaske mai sauti, har da dafa mota. Ranar na fara sanin yana da wushirya.

Tagar ta buɗe da ƙarfi.

"Auta! Shigo nan. Ke da ubanki da uwarki, duk ina son ganinku yanzu."

Na dube shi, ya dube ni.

"In shigo tare da ke?" ya ce.

"Ka iya da Gwaggo?"

"Ban iya ba. Amma ina koyo da sauri."

Na matsa gefe na buɗe masa ƙofar.